Lissafin Thorp da Kuɗin Rajistata



Da editan mujallar nan ya tare ni a bakin ɗakin karatu ya ce sashenmu na ƙididdiga ne zai kawo darasin wannan fitowa, kuma ni aka zaɓa, sai da na kwana biyu ina juya abin a raina. Darasin da na fi ganewa a duk karatuna shi ne na yiwuwa, wato auna yadda abu zai iya faruwa ko ya ƙi faruwa. Amma gaskiya ba a aji na fara ɗanɗana shi ba. A gidan kallon ƙwallo na fara, a garinmu, kuma ladan malamin da na biya shi ne kuɗin rajistata ta shekara ta biyu.

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora, inda hanya ke ɓallewa ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta bi ƙasar Doguwa ta miƙe Jos. Nan na tashi a hannun kawuna, manomin masara. A hutun ƙarshen shekarar farko ya sayar da buhuna ya damƙa mini kuɗin rajista tun da sauran mako uku a koma, ya ce in adana. A gidan kallon kuwa akwai yayan wani abokina, mai zama a bencin gaba da littafi da biro yana rubuta sakamakon wasanni. Shi ya ce mana caca iri biyu ce, ta jahilai da ta masu lissafi. Ya ce akwai wani Bature malamin jami'a a Amurka da ya shiga gidajen caca da lissafi ya kwashe musu kuɗi har suka hana shi shiga. "Kai da kake karanta lissafi a Poli," in ji shi, "ai kai ya kamata ka riƙa ba mu wasa."

Maganar ta yi mini daɗi, wallahi. Na san caca haramun ce, na san ayar Suratul Ma'ida tun ina makarantar allo, amma sai na lallashi kaina cewa nawa ilimi ne nake gwadawa. Kafin ranar komawa kuɗin sun ƙare ƙarƙaf a cikin waya, ba wanda ya ƙwace mini, ba wanda ya yi mini barazana. Yadda na tsaya gaban kawu na faɗa masa, wannan ba na mujalla ba ne.

Baturen nan dai akwai shi. Bayan shekara guda na nemi tarihinsa na karanta, da nufin in gano inda na kuskure lissafi. Abin da na tarar shi ne da a ce Baturen ya shigo gidan kallonmu ya ga abin da muke yi da sunansa, ko sisi ba zai saka ba.

Sunansa Edward Thorp. An haife shi a Shikago ranar 14 ga Agusta, 1932, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Iyayensa ba masu hali ba ne. Sun koma Kalifoniya yana yaro, ya riƙa tashi cikin dare yana raba jaridu gida-gida kafin ya tafi makaranta. Ya karanci kimiyyar fiziks a jami'a, ya juya zuwa lissafi, ya samu digirin digirgir a jami'ar UCLA a 1958. A ƙarshen wannan shekara shi da matarsa Vivian suka je hutu Las Vegas, birnin da ya shahara da gidajen caca. Kafin tafiyar ya ga wata maƙala da wasu sojoji huɗu masu ilimin lissafi suka buga a 1956 kan wani wasan karta da ake kira blackjack, ko ashirin da ɗaya. Sun nuna cewa in mutum ya bi wasu ƙa'idoji, ribar gidan caca a kansa takan ragu sosai, ta koma ƙasa da kashi 1 cikin 100. Thorp ya zauna da dala 10 don ya gwada, ya tashi an cinye masa dala 8 da rabi. Ya koma gida da tambaya a ransa.

Sai na ɗan bayyana wasan, in ba haka ba tambayar ba za ta fito ba. Karta 52 ce. Kai da mai rabon karta na gidan kuke karawa, shi ne suke kira dila, kuma sunan ya dace da shi ko a Hausance. Kowa na neman jimillar kartarsa ta kusanci 21 ba tare da ta wuce ba, wanda ya wuce ya faɗi. Karta 16 daga cikin 52 darajarsu goma-goma ce. Dila ba shi da zaɓi, dokar gida ta tilasta masa ya ci gaba da jan karta har sai ya kai 17, kai kuwa kana iya tsayawa inda ka ga dama. Saboda haka in manyan kartoci suka yi yawa a cikin waɗanda ba a raba ba tukuna, dila ya fi saurin wuce 21 ya faɗi. In ƙanana ne suka yi yawa, shi ke morewa.

Ga tambayar Thorp a yarenmu. Zuba goro 20 a ƙwarya, fari 10, ja 10. Rufe ido ka zaro ɗaya. Yiwuwar ka zaro fari 10 ce cikin 20, wato rabi. To a ce duk wanda aka zaro ajiye shi ake yi gefe, kuma kana kallo an fitar da ja 6 da fari 2. Saura fari 8 da ja 4. Yanzu yiwuwar fari ta koma 8 cikin 12, biyu bisa uku ke nan. Wanda ya sa ido ya san ƙwaryar ta canja, wanda bai lura ba yana nan yana zaton rabi da rabi ne. Amma in duk goron da aka zaro mayar da shi ake yi a girgiza ƙwarya, to ko ka shekara kana rubuta abin da ya fito, ba abin da ya ƙaru gare ka. Ko ja ya fito sau bakwai a jere, zarowa ta takwas rabi da rabi ce. Ka riƙe wannan bambanci, domin duk darasin a kansa yake tsaye.

A wancan zamani gidajen Nevada da tulin karta ɗaya suke wasa, kuma sukan raba shi har kusan ƙarshe kafin a sake cakuɗawa. Ƙwarya ta farko ke nan. A 1959 Thorp ya samu aikin koyarwa a MIT, ya koya wa kansa yaren kwamfuta na Fortran, ya riƙa ba wata ƙatuwar kwamfuta mai suna IBM 704 aikin lissafa yadda rinjaye ke sauyawa in an cire wasu kartoci. Ya gano cewa in masu lamba 5 guda huɗun nan suka fita, rinjaye ya dawo hannun ɗan wasa da fiye da kashi 3 cikin 100. Dabarar sai ta zama mai sauƙin faɗa: ka riƙa ƙirga abin da ya fita, ka saka ɗan kaɗan in ƙwarya na gida ce, ka saka da yawa in ta juyo wajenka. Claude Shannon, babban masanin da ya kafa ilimin aika bayanai, shi ya taimaka masa aka buga maƙalar a 1961.

Wasu attajirai biyu 'yan caca suka neme shi, suka ce za su ba shi dala 100,000 ya gwada. Ya ƙi, ya ce 10,000 ta isa. Ku lura da wannan. Mutum ne da kwamfuta ta tabbatar masa yana da rinjaye, kuɗin ma ba nasa ba ne, amma ya karɓi kashi ɗaya cikin goma, kuma ya fara da saka dala ɗaya-ɗaya har hannunsa ya saba. Cikin kimanin awa 30 na wasa a Reno da kewayenta ya ci dala 11,000. A 1962 ya fitar da littafinsa Beat the Dealer, aka yi ta rububinsa.

Gidajen caca ba su zauna ba. Sun riƙa korarsa, har ya koma ɓad da kama. A 1964 na Las Vegas suka canja dokokin wasan, da mutane suka ƙaurace suka mayar da su, sai suka koma haɗa tulin karta da yawa wuri ɗaya da yawan cakuɗawa, wato suka mayar da ƙwarya ta farko ta zama kusan ta biyu. Abin dariyar shi ne littafin ya jawo musu dubban mutane da suka karanta rabi suka ɗauka sun iya, suka zo aka cinye su. Yayan abokina da ni, jikokin waɗannan mutane ne.

Akwai kuma wata 'yar na'ura da shi da Shannon suka ƙera a 1961, girmanta kamar kwalin sigari, ana ɓoye ta a jiki ana danna ta da yatsan ƙafa, tana hasashen ɓangaren da ƙwallon wasan rulet zai faɗa ta hanyar auna gudunsa. Ana lissafa ta a matsayin kwamfutar farko da ake sawa a jiki. Ta yi aiki, amma wayoyinta sun riƙa tsinkewa, suka bar ta. Na kawo ta ne don ku ga halin mutumin: rulet gurbi 38 ne da shi a Amurka, ana biyan 35 kan 1, gida na cin kashi 5.26 cikin 100, kuma Thorp ya san ba wani tsarin saka kuɗi da zai kayar da wannan. Sai da ya samo wani sani na daban da gidan ba shi da shi sannan ya matso kusa da teburin.

To mu dawo gidan kallonmu, mu yi wa tikitinmu tambayar da Thorp ke fara yi wa kowane wasa: in aka maimaita wannan abu sau dubu, wa ke da riba?

Ɗauki kwabo, kai ko wutsiya. Kamfani ya ce ko wanne ka zaɓa od ɗinsa 1.90 ne. Ka saka N1,000. In ka ci an ba ka N1,900, ribarka N900. In ka faɗi N1,000 ta tafi. A wasa 100, kusan 50 za ka ci, ribar N45,000, kusan 50 za ka faɗi, asarar N50,000. An cinye maka N5,000, wato N50 a kowace N1,000, kuma ba a yi maka maguɗi ko sau ɗaya ba. Wannan shi ne abin da muke kira matsakaicin abin da ake tsammani, kuma in ya fito da alamar ragi, yawan bugawa ƙara tabbatar da asarar yake yi.

A wasan ƙwallo ga yadda za ka gano rabon kamfani da kanka, da kalkuletar wayarka. Mu ce an ba masu gida 2.10, canjaras 3.30, baƙi 3.40. Raba 1 da kowanne: 0.476, 0.303, 0.294. Tara su, ka samu 1.073. Ai dole ɗaya daga cikin ukun nan ya faru, don haka da gaskiya ake bi jimillar 1 za ta zama cif. Wannan ɗoriya ta 0.073 ita ce la'adar gida. Ma'anarta, a kowace N100 da jama'a suka zuba, kimanin N93 ce ke komawa hannunsu, ko wa ya ci wasan. Kamfanin ba ruwansa da Arsenal ko Chelsea, mu ne ke ta jijiyar wuya.

Inda aka fi yanka mu shi ne dogon tikiti, wanda ake jera wasa goma ko ashirin don N200 ta zama miliyan. La'adar nan ninkuwa take yi a kowane wasa da ka ƙara. Ninka 0.93 da kanta sau 10, za ka samu 0.48. Wato tikitin wasa goma, a jimlace, N48 yake mayarwa cikin N100. Na wasa ashirin N23. Da hannunka ka ɗauki wasan da ake cin ka kashi 7 ka mayar da shi wanda ake cin ka fiye da rabi.

Sai kuma maganar nan da kowa ya taɓa ji a hostel: "Wasa ɗaya ne fa ya yanke ni!" Ni ma na faɗe ta ba sau ɗaya ba, kuma ita ce ta riƙa mayar da ni. Mu ce kai gwani ne, kowane wasa da ka zaɓa yiwuwar ka dace kashi 70 ce cikin 100. Yiwuwar goman su shiga duka ita ce 0.7 sau 10, wato 0.028, ƙasa da 3 cikin 100. Yiwuwar tara su shiga ɗaya ya yanke kuwa 0.121 ce, 12 cikin 100. Ka ga "saura ƙiris" ya ninka ci fiye da sau huɗu. Haka aka gina abin. Ranar da na fara buga wannan lissafi a kalkuleta na ga 0.121, sai da na ajiye biro na yi shiru, domin duk daren da na kwana ina cizon yatsa ina cewa na kusa, ashe abin da ya fi cin tikitin sauƙin faruwa ne ya faru.

Wasan ƙwallon kwamfuta da ake bugawa duk bayan 'yan mintoci kuwa, wanda yayan abokina ke cika littafi da sakamakonsa yana neman "tsari", ƙwarya ta biyu ce tsantsa. Na'ura ce ke zaro sakamako sabo kowane zagaye. Littafin nan nasa da takardar tsire duk ɗaya. A ƙwallon gaske akwai bayanai, gaskiya ne, wane ya ji rauni, wane an ba shi jan kati, amma duk abin da ka ji a rediyo ko ka gani a Facebook kamfanin ya riga ka ji, ya sa shi cikin od tun kafin ka buɗe waya. Thorp ya ci ne don ya san abin da dila bai sani ba. Kai me ka sani game da Real Madrid daga Kwanar Dangora wanda masu kwamfutocin can ba su sani ba?

A 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a Kano. Amma nawa kuɗin ba a shago suka tafi ba, ina kwance a kan katifata suka tafi.

Darasi na biyu da na samu a wajen Thorp ya fi na farko amfani ga wanda bai taɓa caca ba ma. Ko kana da rinjaye, nawa za ka saka? Shannon ne ya nuna masa aikin wani masani mai suna John Kelly, wanda ya buga amsar a 1956. A wasan da in ka ci ake ba ka daidai abin da ka saka, ƙa'idar ita ce ka ɗebe yiwuwar faɗuwa daga yiwuwar ci, abin da ya rage shi ne kason jarinka da za ka saka. In yiwuwar ci 60 ce, ta faɗuwa 40, ka saka kashi 20 na abin da ke hannunka, ba ƙari. Me zai hana ka zuba duka tunda rinjaye naka ne? Saboda wanda ke zuba duka kowane zagaye, yiwuwar ya tsira sau goma a jere ita ce 0.6 sau 10, wato 6 cikin 1,000. Faɗuwa ɗaya ta fitar da shi daga wasan, kuma wanda ya koma sifili rinjaye ba ya masa amfani. Ko rabi ka rasa, sai ka ninka abin da ya rage kafin ka dawo inda kake.

An gwada wannan a kan mutane. A wani bincike da Victor Haghani da Richard Dewey suka fitar a 2016, an ba mutum 61, akasarinsu ɗaliban tattalin arziki da matasan ma'aikatan harkar kuɗi, dala 25 kowanne, aka faɗa musu ƙarara cewa kwabon da za a jefa yana faɗawa kai sau 60 cikin 100, aka ba su minti 30. Kuɗi ne a ƙasa, sai dai a duƙa a ɗauka. Duk da haka kashi 28 cikin 100 nasu sun karye tas. Masu digiri fa.

Yanzu sa lambobin tikitinmu cikin ƙa'idar Kelly. In rinjaye na gida ne, amsar takan fito sifili ko ƙasa da sifili. Ƙa'idar da manyan 'yan caca na duniya ke taƙama da ita, in ka tambaye ta nawa za ka saka a wasan da ba ka da rinjaye, cewa take kada ka saka komai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Thorp bai daɗe a gidajen caca ba. Ya juya kasuwar hannun jari, kuma farkon shigarsa ya sha kashi kamar kowa: ya sayi hannun jarin wani kamfani don ya karanta yabonsa a jarida, farashin ya faɗi rabi, ya kuma sayi azurfa da kuɗin aro aka share shi. Sai ya koma ya zauna ya yi karatu. A jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, inda ya koma a 1965, ya haɗu da wani masanin tattalin arziki, Sheen Kassouf, suka fitar da Beat the Market a 1967. Dabararsu ba hasashen ko kasuwa za ta hau ko za ta sauka ba ce. Sukan nemo takardu biyu na kamfani ɗaya waɗanda dole farashinsu ya tafi tare, su lissafa wanne aka yi wa tsada wanne aka yi wa araha, su sayi mai arahar su sayar da mai tsadar a lokaci guda. Kamar ɗan kasuwar da ya ga tazarar farashin buhu tsakanin Tudun Wada da Dawanau ta fi kuɗin mota da lodi da la'ada, ya saya nan, ya riga ya yi ciniki can ta waya kafin mota ta tashi. Ribarsa ƙarama ce amma ba ta jiran sa'a. Wasu sassan wannan ciniki nasu, kamar sayar da abin da ka aro, malamanmu suna da magana a kai, wannan sai a tambaye su. Ni hanyar tunanin nake nuna muku.

A 1969 ya kafa asusun zuba jari da abokinsa Jay Regan, wanda daga baya aka sa wa suna Princeton Newport Partners. Kusan shekara 20 suna aiki ba su taɓa rufe shekara da asara ba, har da 1987 da kasuwar Amurka ta faɗi fiye da kashi 20 cikin 100 a rana ɗaya. An rufe asusun ne bayan hukuma ta binciki ofishinsu na Princeton, shi Thorp ba a tuhume shi da komai ba. To nawa ne ribar wannan gwani na gwanaye? Kimanin kashi 19 cikin 100 a shekara, masu jari su samu wajen 15 bayan an cire ladan gudanarwa. A shekara fa, ba a wata ba.

Ku ajiye wannan lamba kusa da ta MMM, wadda ta yi wa 'yan Nijeriya alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata kafin ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016. Ninka 1.3 sau 12, ka samu 23.3. Wato N100,000 ta zama miliyan 2.3 a shekara ɗaya, a shekara uku ta haura biliyan 1.2. Wace sana'a ce a duniya ke haihuwa haka? CBEX da ta rufta da kuɗin jama'a a Afrilun 2025 ninki ma ta yi alkawari cikin wata guda. Gobe wata za ta zo da sabon suna, a turo muku ita a rukunin WhatsApp na aji, kuma wanda zai turo ɗan ajinku ne da aka riga aka biya sau ɗaya, yana rantsuwa da gaskiyarsa.

Thorp ya taɓa cin karo da irin wannan a babban mataki. A 1991 wani kamfani ya ɗauke shi ya duba masa inda ya zuba kuɗinsa. Cikin wuraren akwai na wani mai suna Bernard Madoff, mutum mai daraja a kasuwar, wanda ribarsa ke zuwa sumul wata bayan wata. Sumul ɗin ne ya dami Thorp, domin irin cinikin da Madoff ya ce yana yi dole wani watan a yi asara. Bai tsaya kallon fuska ko suna ba. Ya ɗauki takardun cinikin ya gwada su da bayanan kasuwa na ranakun, ya tarar da yawa daga cinikin ba a taɓa yin su ba, wasu kuma adadin da aka rubuta ya fi duk abin da aka sayar a kasuwar a ranar. Ya ce wa masu kuɗin su janye, suka janye. Sai a Disambar 2008, bayan shekara 17, asirin Madoff ya tonu, da kusan dala biliyan 65 na ƙarya a takardun mutane.

Wani zai ce duk wannan labarin Amurka ne, mu da ko asusun hannun jari ba mu da shi. To ai mu ma muna da tamu kasuwar. A ƙasarmu ta Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, babban zuba jarin da kowa ya sani shi ne ajiyar hatsi: ka sayi masara da kaka tana araha, ka zuba a sito, ka fitar da bazara ko tsakiyar damina. Wannan ciniki ne halal, kuma yawancin shekaru akwai rinjaye a cikinsa, in ka cire kuɗin buhu da maganin ƙwari da hayar sito da raguwar nauyi. Amma "yawancin shekaru" daidai yake da kwabon nan mai 60 cikin 100. Waɗanda suka saya da tsada a kakar 2024 suna jiran ta ƙara hawa sun ga yadda farashi ya karye a 2025. Lissafinsu na cewa hatsi kan tashi bayan kaka ba laifi a cikinsa. Inda aka rabu shi ne nawa kowa ya zuba, kuma kuɗin wa.

Na ga wannan da idona a unguwarmu. Wani maƙwabcinmu ya sayar da babur ɗinsa, ya karɓo kuɗin mutane ya haɗa, ya cika ɗaki biyu da masara. Kawu ma ya ajiye, amma kamar kullum sai da ya ware na ci, ya sayar da wani kaso tun da kaka ya sayi tumaki biyu da takin baɗi, abin da ya rage ya ajiye. Dukansu sun yi asara a buhu. Kawu ya yi noma da damina. Maƙwabcin namu har yanzu ana zaman sulhu da shi a ƙofar gidan mai unguwa.

Da na yi wa kawu bayanin Kelly ina zumuɗi, har da zana masa lambobi a ƙasa, ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko shi wannan Kelly ya taɓa noma. Na ce ban ji ba. Ya ce to ya yi ƙoƙari.

Kuɗin rajistar nan bashi ya mayar mini da su, ya ce ba kyauta zai sake yi ba, kuma a gona nake biya duk hutu. Saura kaka ɗaya in gama. Wanda ke da tikiti a aljihu ko a waya yanzu, ba sai ya nuna wa kowa ba: ya ɗauki od uku na wasa ɗaya, ya raba 1 da kowanne, ya tara, ya ga nawa ya haura 1. Sannan ya raba 1 da jimillar, ya ninka amsar da kanta sau adadin wasannin da ke tikitin. Wanda lissafin ya rikice masa ya same ni a sashen ƙididdiga ranar Laraba bayan azahar, ina da kalkuleta.